Gwangwanin da Innata Take Ciki

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekara ta biyu bayan labari ya iso mana cewa za a ɗauko babban birnin ƙasa daga Ikko a kawo shi kan gonakinmu. Ina tsaye gaban wani dogon tebur a zauren taron wata makaranta, hannuwana duk toka domin daga bakin murhu aka kira ni, ɗalibai cike da zauren sun zuba mini ido. An toshe tagogi da buhuna da tabarmi don a kashe hasken rana, zafi ya cika wurin, a waje janareto yana ta tari. A kan teburin akwai gwangwanaye biyu masu faɗi, kowanne kamar faifan rufe ƙwarya. A cikin ɗaya akwai fim na ban dariya. A cikin ɗayan akwai innata. Mai majigi ya ce lokaci ba zai ishe mu kallon biyun ba, in zaɓi ɗaya. Shekaruna sha shida ko kusa da haka, kuma kafin wannan rana ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake so, ko da miyar da za a ci ce.

Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubuta mini. Don haka sai in koma baya in faɗi yadda aka yi yarinyar da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta tsinci kanta a tafiyar 'yan makaranta.

Sunana Talatu. An haife ni a wata ƙaramar unguwa kusa da tsohon ƙauyen Wuse, cikin mutanenmu Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Gidanmu ɗakuna huɗu ne na laka masu jinka, da rumbuna uku a tsakiya, da garken awaki a bayan ɗakin Baba. Ni ce babba a ɗakin Inna, shi ya sa da aka buɗe makaranta aka ce kowane gida ya ba da yaro, ba a ma kalli inda nake ba. Aikina ya riga ya jira ni. Da asuba in share tsakar gida, in kai awaki bakin rafi in ɗaure, in dawo da ruwa, in bi Inna gona. Lokacin shuka muna bin Baba yana tara tudun doya muna sa iri muna rufe kansa da ciyawa don kada rana ta ƙona shi. Lokacin da doya ta fara yaɗo muna kafa mata sanduna. Idan dawa ta nuna kuwa, mu yara ne masu korar tsuntsaye, muna zaune a kan dakali da gwangwani da duwatsu tun safe har muryarmu ta dushe. A tsakanin haka muke satar wasa. Muna yin carafke da 'ya'yan duwatsu a gindin ɗorawa, muna yi wa totuwar masara kitso muna goya ta, muna kama gyare a ramuka mu gasa. Ba mu san muna cikin talauci ba, domin ba mu taɓa ganin wanda ya fi mu ba.

Inna maginiyar tukwane ce. Tana da wani wuri a bakin rafi inda take haƙo yumɓu, ba ta nuna wa kowa sai ni. Takan ce, "Ɗanɗana ki ji, in ya kama harshe shi ne mai kyau." Ba ta zama idan tana gini, sai dai ta riƙa zagaya tukunyar tana ja da baya tana waƙa a ciki-ciki, har tukunyar ta tashi. Ranar gasawa ita da kanta take zuwa daji ta yo itace, kuma duk unguwarmu ba macen da take ɗaukar kaya kamarta. Mu matan Gbagyi ba a kai muke ɗaukar kaya ba. Ƙwarya muke ɗorawa a bayan kafaɗa, mu jera kayan a cikinta su tashi sama har su wuce tsawonmu, mu ɗan sunkuya mu tafi. Haka na taso na ga ana yi. Da na taɓa gwada ɗora tulu a kai don na ga matan Fulani suna yi, Inna ta sauke shi da hannunta ta ce, "Kai na tunani ne, kada ki mayar da shi jaki."

Makarantar unguwarmu aji biyu ce ta laka da rufin kwano, ƙararrawarta wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a mangwaro. Nakan kai dafaffiyar doya da gyaɗa talla lokacin tara, in ajiye ƙwaryata a gindin mangwaron in tsaya ina jin su suna rera karatu. Yaran manyan aji ba yara ba ne. Da yawansu sun shiga makaranta a makare, wasu har gemu ya fara tsiro musu, suna zuwa aji bayan sun yi noman safe, ƙafafunsu da laka. A cikinsu akwai Ishaya, dogo, mai yawan shiru, wanda kullum sai ya sayi doyata ya ce ta yi gishiri da yawa, washegari kuma ya dawo. Malaminsu Malam Bulus mutumin kirki ne daga wajen Filato, yana da keke da rediyo, kuma daga rediyonsa muka fara jin maganar babban birni. Dattawa suka saurara suka yi dariya. Baba ya ce ai ko keken Malam sai an ɗauke shi a kafaɗa ake haye rafi da shi, ta ina birni zai bi ya zo?

Da bazarar wannan shekara wasu mutum biyu suka zo a jif da wani akwati mai ƙafa uku. Suka ce gwamnati ta aiko su su ɗauki hoto mai motsi na yadda mutanen wurin suke zaune kafin a fara aiki. Mun ji kalmar "kafin", amma ba wanda ya tsaya ya auna ta. Suka ɗauki maza a gona, suka ɗauki rumbuna, suka ɗauki 'yan makaranta sun yi layi. Suna shirin tafiya sai ga Inna ta fito daga daji da itace a kafaɗa, ya yi tsawon ɗaki. Mai akwatin ya buɗe baki. Ya roƙe ta ta koma baya ta sake tahowa. Ta koma, ta sake tahowa tana dariya tana ce wa mata da yarenmu wannan mutumin ba shi da aikin yi. Daga nan bai rabu da ita ba. Ya bi ta har gida, ya ɗauke ta tana sauke itacen, tana zagaya tukunya, tana surfe, ya matso da akwatin dab da fuskarta har ta sa hannu ta rufe baki. Kwana biyu suka yi, suka tafi. Mata suka riƙa tsokanarta suna kiranta matar gwamna.

A ɗakin Inna ba madubi. Akwai wani ɗan ɓallin gilashi da take duba idonta idan wani abu ya faɗa, shi ke nan. Ba ta taɓa ganin kanta gaba ɗaya ba sai a ruwan tulu, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, kafin nan ko bayan nan.

Da damina ta ja baya, Malam Bulus ya shirya kai 'yan babban aji ziyara wata makaranta a garin da a lokacin shi ake kira Abuja, kafin a karɓe sunan a ba sabon birni, shi kuma ya koma Suleja. Za su buga ƙwallo, su ga famfo da gidan waya, da rana kuma a nuna musu majigi. Malam ya ce ya sami labari mai majigin yana da fim ɗin da aka ɗauka a unguwarmu. Ya roƙi Inna ta bi su ta dafa musu abinci, ta amsa da murna, ta wanke zanenta na zuwa coci ta shanya. Saura kwana biyu fartanya ta sare ta a ƙafa, ƙafar ta kumbura har ba ta iya takawa. Ranar tafiya da safe ta kira ni, ta ɗaura mini wannan zanen nata, ta gyara mini shi a ƙugu, ta ce, "Ki je ki dafa musu. Sannan ki gano mini kaina, ki zo ki faɗa mini yadda nake."

A bayan wata tsohuwar gingimari muka tafi, ɗalibai suna waƙa, ni ina maƙale a lungu da tukwane da buhun gari. A rafi duk muka sauka maza suka tura. Muka isa da hantsi. Ban taɓa ganin gini mai yawan tagogi haka ba, ga ɗalibansu da fararen safa da takalma, 'yan matan da kitso a jere kamar an auna da zare. Namu suka sauka suna gyara riguna. Ni kuma na yi abin da na saba. Na ɗora ƙwarya a kafaɗa, na jera tukwane da gari a kai, na sunkuya na nufi inda aka nuna mini murhu. Hanyar ta bi ta gaban 'yan garin.

Wata yarinya fara mai ɗan kunne ce ta fara. Ta ce, "Ke Bagwariya, kan naki ƙwai ne da ba a ɗora masa kaya?" Aka kwashe da dariya. Wani yaro ya ɗauki jakarsa ya ɗora a wuya, ya sunkuya, ya turo baya, ya biyo ni yana tafiya kamar kunkuru, wasu uku suka bi bayansa. Na waiga in ga namu. Duk sun sami abin kallo a wani wuri. Ishaya kaɗai ya taho ya ce in kawo ya riƙe mini tukunya, na ce ya bari. Na isa murhu na sauke, na hura wuta, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye. Tun da aka haife ni ban san akwai abin dariya a yadda nake tafiya ba. A wannan safiya aka gaya mini, kuma na yarda.

Bayan an buga ƙwallo an ci abinci, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Direba ya ce shi dai la'asar tana yi zai tayar da mota, in ruwa ya riga mu zuwa rafi to a bakinsa za mu kwana. Mai majigi ya ce ke nan fim ɗaya za a kalla. Shugaban makarantar ya ce baƙi su zaɓa. Namu suka kaure da gardama, wasu suna son na dariya, wasu suna son ganin kansu a layi. Sai Malam Bulus ya buga tebur ya ce su yi shiru, wadda uwarta ta cika fim ɗin tana waje tana wanke musu tukwane, a kira ta. Girmama ni ya yi niyyar yi, Allah ya ji ƙansa. Bai yi shakkar wanda zan zaɓa ba.

Mai majigin Bayarabe ne mai ƙaton ciki da fara'a. Ya dube ni ya ce, "Kai yarinya, mamanka ne mai itace? Mamanka ya fi kowa kyau a wannan fim. To zaɓi, oga direba yana jira."

Da ya ce mai itace, wani ya yi tari a baya, aka yi ƙus-ƙus. Na ɗaga ido na ga yarinyar nan mai ɗan kunne a benci na biyu ta dafa ƙawarta, tun ba a fara ba ta shirya bakinta. Sai na ga abin da zai faru kamar an riga an nuna. Inna za ta fito a farin ƙyallen nan, ƙatuwa, ta fi ƙofa tsawo, a sunkuye, itace a kafaɗa, tana dariya da zuciya ɗaya, ba ta san su waye ke kallonta ba. Zaure zai fashe. Yaron nan zai tashi ya yi tafiyar kunkuru. Ni kuma ina tsaye cikin zanenta. Ishaya ya matso ya ce a hankali da yarenmu, "Talatu, ɗauki na gida." Ban kalle shi ba. Na tambayi mai majigi ko za a iya nuna ɗayan wata rana. Ya ce me zai hana, da rani za su zagayo ƙauyuka, har ƙofar gidanmu zai kafa ƙyalle. Na miƙa hannuna mai toka na taɓa gwangwanin ban dariya. Zauren ya ɗauki tafi. Malam Bulus ya dube ni, ya koma ya zauna.

Ba zan ɓoye ba, fim ɗin ya yi daɗi. Wani mutum ne mai ƙiba aka ba shi fentin gida. Tsani ya karye da shi, bokiti ya kife masa a kai, akuya ta cinye hularsa, ya bi akuyar ya faɗa cikin kwandon tumatir na wata mata, matar ta bi shi da muciya. Ban ji ko kalma ɗaya ta abin da suke faɗa ba, kuma ba a bukata. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, har na dafa kafaɗar wadda ke kusa da ni, sai daga baya na ga 'yar garin ce, ita ma tana share hawaye. Na ɗan lokaci duk mun zama ɗaya. Shekarun nan duka, idan na tuna ranar, ba zagin ne yake fi ci mini rai ba. Dariyar nan tawa ce.

Mun haye rafi ruwa yana fara sauka, muka iso gida rana tana faɗuwa. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙafarta a naɗe da tsumma, ta kasa jira in sauke kaya. Ta ce, "Kin gan ni?" Na ce na gan ta. Ban shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta. Ta ce yaya take. Na ce doguwa ce, ta fi kowa kyau, mai majigi ma ya faɗa. Ta ce bakinta fa, bai yi faɗi ba da tana dariya? Na ce bai yi ba. Ta ce mutanen gari me suka ce? Na ce tafa mata suka yi. Ta rufe fuska da hannu biyu kamar yarinya. Ta sa na maimaita mata sau uku a wannan maraice, kowane karo ina ƙara wani abu, har na ce an nuna tukunyarta tana sheƙi.

Rani ya zo, mai majigi bai zo ba. Waɗanda suka zo wasu ne, da jan fenti, suna rubuta lamba a bangon kowane ɗaki, suna ƙirga rumbuna da itatuwan mangwaro. Wani ranin kuma motoci suka zo. Muka loda abin da ya loɗu. Inna ta tsaya ta zaɓi tukwane shida, sauran ta jera su a tsakar gida a kife, kamar za ta dawo. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarar katafila. Dattawa sun roƙa a bar kaburbura, aka ce za a duba.

Sabon wurin da aka kai mu gidaje ne a jere masu rufin kwano, duk iri ɗaya, har tsofaffi suna ɓata suna shiga gidan wani. Ƙasar ba ta karɓi doya kamar tamu ba. Inna ta yi wata biyu tana yawo a bakin kowane kwari tana haƙa tana ɗanɗanawa tana tofarwa, ba ta sami yumɓun da ya kama harshe ba. Daga nan ta daina nema. Mace mai ɗaukar itacen mutum uku ta koma zaman ƙofar ɗaki. A damina ta biyu ciwo ya kwantar da ita. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta ture cokalin ta ce, "Talatu, na san ba ku kalla ba. Tun washegari yara suka ba da labari a rafi, ya iso mini." Na kasa ɗaga kai. Sai ta ce, "Kafaɗar ce, ko?" Na ci gaba da juya kunun. Ta ce in kawo kunun. Ta sha kaɗan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sami bakin neman gafara ba, kullum ina cewa sai ta ɗan ji sauƙi. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Na auri Ishaya bayan shekara biyu. Gona ba ta riƙe mu ba, muka dawo birnin da aka gina a kan ƙasarmu a matsayin baƙi, muka kama ɗaki a Nyanya. Shi yana leburanci, ni ina sayar da abinci ga masu gini. Tsawon zamanmu bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Amma bai manta ba. Lokacin da ofisoshi suka fara tasowa daga Ikko, tireloli suna shigowa cike da tebura da takardu, ya sami aikin sauke kaya. Duk motar da aka buɗe sai ya leƙa ko zai ga gwangwani mai faɗi. Duk masinjan da ya saya abinci a wurina sai ya tambaye shi. Wani ya ce a Kaduna suke, wani ya ce an bar su a Ikko, wani ya ce shi bai ma san ana yin irin wannan fim ba. Shekara da shekaru muna haka, har 'ya'yanmu suka san maganar suna ce mata fim ɗin Kaka.

Wata rana Ishaya ya dawo da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya ce in rufe tukunya in taho. Ya kai ni bayan wani ofishi, wani sito mai rufin da ya yoye. Wani tsohon mai gadin sito ya buɗe mana. Ga su nan, gwangwanaye irin waɗancan, tuli guda har kusan rufi. Amma da muka matsa sai wani wari mai tsami ya tare mu. Tsatsa ta cinye bakunansu, takardun da aka liƙa gara ta gama da su, ko Ishaya mai karatu bai sami abin karantawa ba. Ya sa ƙusa ya ɓalle ɗaya. Abin da ke ciki ya narke ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ya ɓalle na biyu, na uku, har hannunsa ya yi jini. A wani ya samu ya zaro ɗan tsiri ya ɗaga wa rana, muka haɗa kai muna leƙe. Ba komai sai ruwan ƙasa-ƙasa. Tsohon ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Ko yana cikin nan, ya mutu." Na zauna a ƙasan siton na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai Ishaya shi ne, tun kafin wannan rana fuskar Inna ta fara gushe mini. Ba a rana ɗaya ta tafi ba. Na san tana da wushirya, na san akwai tabo a haɓarta, amma sanin baki ne, idan na rufe ido ba na ganinsu. Ina ganin bayanta tana tafiya a gabana a hanyar gona, ina ganin hannunta a jikin tukunya, amma in na ce ta juyo sai wurin ya zama fari. Ishaya ne yake taimakona. Yakan ce goshinta irin na 'yarmu ta biyu ne, idonta ƙanana, idan za ta yi dariya hancinta ne ke fara motsi. Ko gaskiya yake faɗa ko lallashina yake yi, ban sani ba, amma ina riƙewa. Yau shekara uku ke nan da na binne shi. Ƙannena da suka rage sun yi ƙanƙanta lokacin da ta rasu. Yanzu duk duniya ba sauran mai rai da zai ce mini ga yadda take.

Wani lokaci nakan sa a kai ni kasuwar Wuse a tasi, in ce zan sayi magani. Ina tsayawa ina neman inda rafin yake, inda ɗorawar take, ba na ganewa. Akwai wani layi na masu sayar da talabijin da nake zaton wajen nan gidanmu yake. Akwatuna a jere tun daga ƙasa har sama, kowanne da fuskar wani a ciki, suna magana, suna dariya, ba wanda ya tsaya kallonsu.

Yanzu ina zaune a Dutsen Alhaji wurin jikata Rahila, wadda take koyarwa a wata sakandare, kuma ita ce take rubuta wannan. Makon jiya ta zauna kusa da ni tana ta shafa waya tana tsaki. Ta ce za su kai manyan ɗalibai tafiya, motar tana da talabijin, an ɗora mata neman fim mai daɗi, wanda ba na ƙananan yara ba kuma ba wanda iyaye za su yi ƙorafi. Ta ce fina-finan sun yi mata yawa har ta rasa na ɗauka. Cikin wasa ta ce, "Kaka, zaɓar mana mana." Sai ta ga ina kuka, ta tsorata. Da na natsu na ce ta sa musu na ban dariya, yara ne, su yi dariyarsu. Amma ta zaɓa da kanta tun daga gida, kada ta tsayar da ɗan kowa a gaban 'yan uwansa ta ce ya zaɓa.

A wayar nan tata akwai hotunana da ba su ƙirguwa, ina barci, ina tsintar shinkafa, ina faɗa. Jikokinta za su san fuskata ko ba su so. Mu a zamaninmu sau ɗaya aka ɗauki Inna, a gwangwani ɗaya, aka ajiye shi a gabana, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba. Fasto yana cewa za mu sadu da namu a can, kuma na gaskata. Ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona in isa, in wuce ta ban gane ta ba.